Zare: Cire linzamin kwamfutar, sannan ka nuna min manhajar taka

1/
Jama'a zare ne yau, kuma mai tsawo. Wanda datarsa ke kan gargara ya adana shi sai dare 🧵

Magana ce a kan manhajojin kasuwanci da ake haɗawa don su yi aiki a cikin burauza: sashen sayarwa, sashen sito, na albashi, na lissafin kuɗi. Kowa na tallar tasa da cewa "kamar wadda ake girkawa a kwamfuta take". Ni dai a ganina yawancinmu masu koyon haɗa manhaja ba mu gane abin da maganar ke nufi ba.

2/
Abin da ke sa akanta ya riƙe tsohuwar manhajarsa ta girkawa ba kyanta ba ne. Ai mummuna ce, launin toka, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Yana son ta ne don tana bin yatsunsa, ba ta sa shi jira, kuma ba ta zubar masa da aiki. Mu kuma sai muka je muka kwaikwayo launin tokar muka baro sauran.

3/
Kafin wani ya ce ina adawa da ci gaba: a'a, komawa burauza na da dalili mai ƙarfi. Alhaji na da shago a Singa, wani a Zariya, sito kuma a Sharaɗa. Yana so ya ga cinikin yau a wayarsa yana zaune a gida. In an gyara manhajar sau ɗaya a saba, duk rassan sun samu. In ɓarawo ya ɗauke kwamfutar shago, littafin bashi bai bi ta ba.

4/
Manyan kamfanonin ma can suka nufa. Odoo na ƙasar Beljiyam, a da sunansa OpenERP, kuma yana da manhajar girkawa. Da suka fitar da siga ta 7 a ƙarshen 2012 sai suka yar da ita, komai ya koma burauza. Intuit ma bayan Satumbar 2024 ta daina sayar wa sababbin kwastomomi a Amurka yawancin nau'o'in QuickBooks Desktop. Bakin alƙalami ya bushe ke nan. Abin da ya rage shi ne yadda za a yi aikin.

5/
Ɗan tarihi kaɗan. A da, duk abin da ka danna a shafin intanet sai shafin ya yi fari fat ya sake lodawa gaba ɗaya. Injiniyoyin Microsoft da ke so akwatin wasiƙun Outlook ya yi aiki a burauza ne suka ƙirƙiro hanyar da shafi zai tura wa saba saƙo a ɓoye, ya karɓi amsa, ba tare da ya sake lodawa ba. Ta fito a Internet Explorer 5 a 1999.

6/
Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 ne suka nuna wa duniya abin da za a iya yi da ita. A Fabrairun 2005 Jesse James Garrett ya raɗa wa dabarar suna Ajax. Daga nan kowa ya shiga mafarkin zuba manhajar ofis a cikin burauza.

7/
Wasu suka bi gajeriyar hanya: su cusa wata na'ura daban a cikin burauzar. Java, ActiveX, Flash, Silverlight. Ina suke yau? Flash ya mutu ranar 31 ga Disambar 2020, Silverlight ya bi shi a Oktoban 2021, Internet Explorer kansa aka yi masa ritaya a Yunin 2022. Duk kamfanin da ya gina lissafinsa a kansu sai da ya sake biyan kuɗin gini.

8/
Wasu kuma suka zana kwamfutar ce dungurungum a cikin shafin. Masu Ext JS har misali suka yi mai maɓallin Start a ƙasa, da tagogi da kake ja kana jibgawa a kan juna. In ka gani sai ka yi tafi. Amma taga ce a cikin taga a cikin taga, kuma babu ko ɗaya da za ka iya ja ka kai ɗaya allon. Kyan ɗan maciji.

9/
To mu zo kan ainihin abin. Na farko kuma babba: kibod.

Ku taɓa tsayawa bayan wanda ya shekara biyar yana aiki da Tally, manhajar lissafin nan ta Indiya. F8 sayarwa, F9 saye, F5 biya, F6 karɓa, Ctrl+A ajiyewa. Ba ya kallon allo ma sosai. Idonsa na kan takarda, yatsunsa sun haddace hanya.

10/
Haka masu SAP. Mutum ya buga VA01 a ɗan akwatin da ke sama, sai ga shi a wurin shigar da odar sayarwa. Wanda ya shigo yau zai ce wannan azaba ce. Wanda ke yi sau ɗari a rana zai ce maka kar ka taɓa masa shi. Duka biyun gaskiya suka faɗa, amma na biyun ne ke ɗauke da cinikin kamfanin.

11/
Lokacin SIWES ɗina a wani kamfanin rarraba magunguna, akwai kashiyar da ke shigar da oda mai layi talatin tana hira da kwastoma. Aka kawo sabuwa ta burauza, fes da ita, shuɗi da fari. Kowane magani sai ta ɗauki linzami, wato maus, ta danna, ta jira, ta zaɓa, ta koma kibod. A sati na biyu ta koma rubuta oda a takarda da rana, ta zauna shigarwa bayan Magariba.

12/
Manajan kuma cewa ya yi ba ta son koyon sabon abu.

13/
Abubuwan da suka karya ta ƙanana ne fa, ba su kai a rubuta su a takardar kwangila ba. Ka shigar da kaya ka buga Enter, ina ɗan tsinken nan mai ƙiftawa ya koma? A tsohuwar manhaja yana sabon layi, a gidan sunan kaya, yana jiranka. A yawancin namu ɓacewa yake yi, sai ka nemo shi da linzami.

14/
Ka buga Tab, maimakon ya kai ka gidan adadi sai ya kai ka kan hoton kwandon shara. Ka zo kwanan wata, maimakon ka buga lambobi shida ka wuce sai ƙaramar kalanda ta buɗe tana so ka nemo ranar da ido. Ka ajiye, wani akwati ya fito tsakiyar allo yana tambaya ko ka tabbata, kuma Enter ba ya rufe shi.

15/
Ga wanda mutane da yawa ba su sani ba: yawancin na'urorin karanta bakod, a wurin kwamfuta kibod ne kawai. Lambobin suke bugawa da sauri, su ƙare da Enter. Ma'ana, in tsinken ba ya gidan da ya dace, lambar kayan za ta zube a wani wuri. Ka taɓa ganin adadin kaya ya zama lamba goma sha uku? To daga nan ne.

16/
Burauza kuma tana da maɓallan da ta riƙe wa kanta. A Chrome, Ctrl+W rufe shafi ne, Ctrl+T da Ctrl+N buɗe sabo, kuma shafinka bai isa ya ƙwace su ba. F5 da mai Tally ya sani da "biya", a nan "sake lodawa" ne. In ba ka tare shi a kod ɗinka ba, hannunsa zai kai can da kansa, oda mai layi arba'in ta tafi.

17/
Kar ku ɗauka ƙaramar matsala ce. A da maɓallin goge harafi na mayar da mutum shafin baya in tsinken ba ya cikin gidan rubutu. Mutane sun yi ta asarar fom ɗin da suka cike, har Google ta cire wannan ɗabi'ar daga Chrome a 2016.

18/
Na biyu, cunkoso. Salon da muka koya daga manhajojin waya shi ne manyan katuna, fili ko'ina, layi shida a allo. A waya daidai ne, yatsa na da kauri. Amma mai sito da ke duba kaya dubu uku so yake ya ga layi talatin lokaci guda kamar a Excel, ya sauka da kibiya, ya gyara gida ɗaya ya wuce. Filin da kake gani a matsayin tsafta, shi gangarawa ce ta yini guda.

19/
Kuma a bar shi ya kwafo layuka daga Excel ya liƙa, ya kwashi namu ya kai can. Duk manhajar kasuwancin da kuka sani kishiyarta ɗaya ce, Excel, kuma uwargida ce, kafin mu zo tana nan.

20/
Dabarar nuna layi dubu goma ba tare da burauza ta shaƙe ba sananniya ce: a zana waɗanda ido ke gani kawai, sauran sai an gangaro. Sai dai da zarar ka yi haka Ctrl+F na burauza ya daina ganin layukan da ba a zana ba. To dole ka gina naka binciken. Da yawa suna yin rabin farko su manta da na biyu.

21/
Na uku, jira. Akwai ma'aunin da masana suka daɗe da shi, tun binciken Robert Miller na 1968, Jakob Nielsen kuma ya yaɗa shi a 1993. Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa: mutum na jin abin nan take ya faru. Daƙiƙa ɗaya: ya lura da jinkirin amma tunaninsa bai yanke ba. Daƙiƙa goma: hankalinsa ya tafi wani wuri.

22/
Manhajar girkawa tana cin jarrabawar farko ba wahala, don bayanan na cikin kwamfutar. Mu kuma sabarmu galibi tana Turai ko Amurka. Ku yi lissafi da ni. Wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas ta kai kilomita 7,000. Haske a cikin irin wannan wayar na tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa.

23/
Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, wato kashi bakwai cikin ɗari na daƙiƙa. Ba mu sa Legas zuwa Kano ba, ba mu sa eriyar unguwa ba, ba mu sa aikin da sabar za ta yi ba. Mafi yawan kasafin ya ƙare tun a teku. Ba laifin kamfanin sadarwa ba ne wannan, iyakar gudun haske ce.

24/
Saboda haka duk sashen da ke tambayar saba a kan kowane harafi da kashiya ta buga, ba zai taɓa zama kamar na girkawa ba, ko wane irin fenti aka yi masa. Misali: oda mai layi 40, jiran daƙiƙa biyu a kowane layi, daƙiƙa 80. Oda ɗari a rana, daƙiƙa 8,000. Sama da awa biyu ke nan ana kallon zoben nan mai juyawa.

25/
Maganin ba sihiri ba ne. Da safe a sauko da jerin kaya da farashi da sunayen kwastomomi cikin burauzar, bincike ya zama na cikin gida. In ta ƙara layi, a nuna shi nan take, a tura wa saba daga baya a ɓoye. Sunaye da farashin kaya dubu biyar ba su kai nauyin bidiyon TikTok ɗaya ba.

26/
Kar kuma wani ya ce burauza ce ba ta da ƙarfi. Figma a burauza take, an rubuta injinta da C++ aka mayar da shi WebAssembly. Google Sheets a burauza take. In za a iya zana fasalin manhaja guda a ciki, rasit ɗin Panadol ba zai gagara ba.

27/
Na huɗu shi ne inda nake so mu daɗe: ranar da babu sabis.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Intanet ya rikice a Najeriya da Ghana da maƙwabta, har manhajojin bankuna suka shiga ciki. Gyara ya ɗauki makonni.

28/
Mu a Arewa ma mun san wanda ya fi wannan. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi a Katsina, Sakkwato da Kaduna. Makonni ba kira ba data. Amma mutane ba su daina sayen shinkafa da magani ba. Shagon da lissafinsa kaf ke saba a wata ƙasa, me zai yi?

29/
Kayan aikin suna nan a kowace burauza ta zamani. Akwai ɗan ma'aikacin bayan fage da ke adana manhajar kanta don ta buɗe ko ba sabis. Akwai IndexedDB, rumbun ajiya a cikin burauza. Tun ƙarshen 2022 SQLite ma na da sigar da ke aiki a ciki. Sashen kashiya na Odoo, in ya riga ya buɗe, yana ci gaba da karɓar ciniki ko layi ya yanke.

30/
Amma fa a nan ne aikin gaske yake, kuma a nan ne bidiyoyin koyarwa ke yin sallama. Ajiye ciniki a burauza abu ne na yini ɗaya. Haɗa shi da na sauran mutane in sabis ya dawo, shi ne mai cin watanni.

31/
Katan ɗaya ya rage a sito. Reshen Kano ba sabis, ya sayar. Reshen Zariya ba sabis, shi ma ya sayar. Duka sun karɓi kuɗi, duka sun ba da rasit. Da yamma sabis ya dawo. Wa ke da katan? Babu kod ɗin da zai amsa wannan, hukunci ne na kasuwanci, kuma Alhaji ne ya kamata ya yanke shi tun kafin a fara gini.

32/
Ni ra'ayina: a bar cinikin ya wuce, sito ya nuna ya tafi ƙasa da sifili da jan rubutu, manaja ya warware da safe. Hana ciniki don ba sabis ya fi wannan tsada. Amma canja farashi, biyan albashi, ɗaga wa kwastoma iyakar bashi, waɗannan su jira sabis. Ba kowane sashe ne ya cancanci aiki ba layi ba, kuma wanda ya ce zai yi maka duka, ka tambaye shi labarin katan ɗin nan.

33/
Lambar rasit ma haka. In saba ce ke ba da lamba ta gaba, ba sabis ba lamba. In kowace kwamfuta ce ke ƙirga tata, za a samu rasit biyu masu lamba 1052. Sai a ba kowace na'ura harafinta a gaba. Abu mai sauƙi, amma sai wanda ya taɓa zama da mai binciken kuɗi ne ke tuna shi.

34/
Ga kuma wanda ke cin albashin mutane. Kashiya ta danna ajiye, saƙon ya isa saba, amsar ce ta ɓace a hanya. Allo ya ce an samu matsala. Ta sake dannawa. Yanzu ciniki biyu ne a littafi, kuɗin ɗaya ne a aljihun tebur. Ƙarshen wata a ce ta yi gibi, a cire a albashinta.

35/
Maganinsa layuka kaɗan ne na kod: kowane ciniki a ba shi lambar shaida tun a burauza kafin a tura, in saba ta ga lambar da ta taɓa gani ta ce na riga na karɓa. Wanda ya haɗa manhajar bai yi ba, kuma ba shi za a kira ɓarawo ba. Wannan ne ya sa ba na ɗaukar maganar nan a matsayin gardamar 'yan kwamfuta kawai.

36/
Rumbun burauza kuma ba amana ce ta har abada ba. Yaron shago zai iya goge bayanan burauza don kwamfuta na nauyi, cinikin da ba a tura ba ya bi ruwa. Safari, tun 2020, na share ajiyar shafin da aka yi kwana bakwai ana amfani da burauzar ba a taɓa shi ba, sai fa in an ɗora shi a fuskar waya. To a rubuta ɓaro-ɓaro a sama: ciniki 14 ba su tafi ba tukuna. Kar a ɓoye.

37/
In wuta ta ɗauke ana tsakiyar oda fa? A ajiye kowane layi a rumbun da zarar an shigar. Janareto ya tashi, ta buɗe, ta tarar da layukanta 22 na nan. Ranar da hakan ta faru sau ɗaya, ka gama samun amincewarta.

38/
Gefe guda, tunda kuɗi muke taɓawa: buɗe burauzarka ka sa JavaScript ya tara 0.1 da 0.2. Zai ba ka 0.30000000000000004. Don haka a riƙa ajiye kuɗi da kwabo, cikakkiyar lamba, kamar yadda Paystack ke karɓa. Harajin VAT na kashi 7.5 a kan ₦1,999 kuma 149.925 ne. A kowane layi za a cike ragowar ko a jimilla? Tambayi akanta, kar ka yanke da kanka.

39/
Firinta kuma wallahi ita kaɗai ta isa zare guda. Tsohuwar manhaja kana buga maɓalli rasit na fitowa, aljihun kuɗi ya buɗe. Burauza kuwa sai ta buɗe tagar bugawa tana tambaya ko A4 kake so, alhali takardar mai faɗin milimita 58 ce ko 80. WebUSB na bari shafi ya yi magana da na'ura kai tsaye, amma a Chrome da Edge, ban da Safari da Firefox. A gwada da ainihin firintar shagon tun satin farko.

40/
Na san wani zai ce, to a naɗe shi a Electron mana ya zama na girkawa. Electron, da GitHub ta fitar a 2013, burauzar Chromium ce guda ake haɗa maka da shafinka. VS Code da Slack da Discord duk a kai suke. Yana warware maganar firinta da maɓallan da aka riƙe, gaskiya ne. Amma shafi mai jiran saba a kowane layi, in ka naɗe shi, jiran dai yake yi. Ga cin ƙwaƙwalwa a tsohuwar kwamfutar shago mai 4GB.

41/
Kuma garin kwaikwayon na girkawa kar mu zubar da abin da burauza ta fi shi. Kowace oda ta samu adireshinta, manaja ya tura wa Alhaji a WhatsApp ya danna ya gani. Maɓallin komawa baya ya yi aiki. A iya buɗe kwastoma a shafi ɗaya, odarsa a wani. Dattijon akanta ya iya ƙara girman rubutu. Masu zana tagogi a cikin shafi duk sun kashe waɗannan.

42/
Gardamar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce: ma'aikatan shago na yawan canjawa, sabo ba zai iya haddace maɓallai ba, manyan hotuna sun fi masa sauƙi. Akwai gaskiya a ciki. Amma koyo sati ɗaya ne, aiki kuma kullum ne. A bar linzamin ya yi aiki, a rubuta F8 ƙarami a jikin maɓallin. Sabo zai danna, bayan wata guda yatsansa zai gano hanya da kansa.

43/
Fuska biyu ake buƙata a kan bayanai ɗaya. Ta Alhaji a waya: manyan lambobi, cinikin yau, wa ake bi bashi. Ta kashiya da mai sito a kwamfuta: cunkushe, ta kibod. Abin da ake yawan yi shi ne a gina ta Alhaji a miƙa wa kashiya, saboda shi ne ke kallon gwaji, shi ne ke sa hannu a cek. Ita ba wanda ya kira ta taron.

44/
Mu ma a makaranta haka ake horar da mu. Ranar kare furojet, abin da ke burge mutane shi ne shafin farko mai zane-zanen lissafi kala-kala. Kaya biyar ne a rumbun, sabar na kan kwamfutar ɗalibin, komai na gudu kamar walƙiya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

45/
Ba cewa nake kowa ya koma burauza ba ma. Kanti ɗaya, kwamfuta ɗaya, mai shi na zaune a ciki daga safe zuwa dare? Ya riƙe manhajarsa ta girkawa, ya riƙa kwafe bayanan a filasha duk Juma'a ya kai gida. Biyan kuɗin wata-wata da dala don a ajiye masa littafi a Turai bai ƙare shi da komai ba.

46/
'Yan ajin ƙarshe masu furojet ɗin sito ko na kemis, ga gwajin da nake so mu riƙa yi wa juna kafin ranar karewa. Zuba kaya dubu biyar a rumbun. Cire linzamin ka ba ni. Ka shigar da oda mai layi 20 ina riƙe da agogo. A layi na 10 zan kashe maka data. A na 15 zan danna F5. In ka gama zan danna ajiye sau biyu, mu je mu ƙirga ciniki nawa ya shiga.

47/
Masu aiki da Tally, Sage, QuickBooks ko Odoo a shaguna da ofisoshi, musamman kashiyoyi da masu sito, ku rubuto a ƙasa: wane maɓalli ne in aka cire muku shi gobe aikinku zai tsaya? Zan tattara amsoshin in kai wa 'yan ajinmu ranar Litinin.